Gine-ginen Bakin Tekun Legas: Ina Aka Tanadar Wa Masu Aikin Wurin Kwana?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan gine-ginen da ake ta yi a bakin teku da tsakiyar birnin Legas. Na lura 'yan'uwanmu na gida sun fi sanin al'amarin ta hotunan da ake yaɗawa a Facebook, na dogayen benaye masu gilashi da faffaɗan tituna, alhali mu da muke neman abinci a garin muna ganin ɓangaren da ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Ba na cikin masu cewa a bar gari yadda aka same shi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, duk wani sabon tsari da aka zana, ana tanadin wurin ajiye motoci da wurin shaƙatawa, amma ba a tanadin inda mutanen da za su yi wa wurin hidima za su kwana, kuma sau da yawa gidajensu ne ma ake fara rushewa kafin a kafa tubalin farko.

Adalci ne a fara da faɗin abin da ya haifar da aikin Eko Atlantic, wato sabon birnin da ake ginawa a kan filin da aka ƙwato daga teku, domin ba son ƙawa kaɗai ya kawo shi ba. Wajen 1908 zuwa 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya riƙa toshe wa manyan jirage hanya. Jirage sun samu hanya, amma yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas ya daina isa gaɓar Bar Beach, sai teku ya shiga cin ƙasa shekara da shekaru, har ta kai a farkon shekarun 2000 ruwa kan hau titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshin da ke jere a wurin. Maganin da gwamnatin jiha da kamfanin South Energyx suka shirya shi ne a haƙo yashi daga ƙarƙashin teku a cike fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, a kare shi da katanga mai tsawon kilomita 8 da rabi, wadda aka jera wa curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. A watan Fabrairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da Gwamna Babatunde Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da filin, kuma a 2022 Amurka ta fara gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can. Babu mai musun cewa titin Ahmadu Bello ya huta da ambaliyar teku, ko da yake mazauna ƙauyukan da ke gabas da katangar, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa ruwan da aka tare a can su ya koma yana ci.

Masu gina Eko Atlantic sun ce idan an kammala, mutum 250,000 za su zauna a sabon birnin, wasu 150,000 kuma za su riƙa shigowa aiki kullum. Wannan adadi na biyu shi ne ya dame ni, domin ban taɓa jin an yi bayanin daga ina za su riƙa tasowa ba. Wanda duk ya zaga Lekki ko Victoria Island da asuba ya san amsar da ake bayarwa a aikace. Zai ga maigadi ɗan Sakkwato ko ɗan Maraɗi yana naɗe tabarma a ɗakin gadin da ko miƙe ƙafa ba ya iya yi sosai a ciki, buta da rediyo da jakar kayansa duk suna ƙarƙashin benci guda. Zai ga leburori suna fitowa daga kangon benen da suke ginawa, inda suka kwana a kan kwali da buhunan siminti, suna layi a teburin mai shayi kafin birkila ya iso. Ranar da aka shafa fenti aka ɗaura ƙofa, ranar ce zamansu ya ƙare, sai su nemi wani kangon. Wanda ya ce zai kama ɗaki kuwa, sai ya koma can Agege ko Mile 12 ko bayan Ajah, ya riƙa kashe kaso mai yawa na abin da ya samu a kuɗin mota, ga shi tun ranar 1 ga Yunin 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomin Eti-Osa da Lagos Island da wasu huɗu.

A da akwai unguwannin talakawa kusa da waɗannan wurare, kuma ba da kansu suka watse ba. A watan Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mutanen Maroko wa'adin kwana 7, sannan aka turo katafila a tsakiyar damina aka baje unguwar da aka ƙiyasta tana ɗauke da mutum 300,000. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne da ruwa ke kwanciya, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Bayan an kwashe mutanen sai aka cike kwarin da yashi, kuma a yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Kaɗan daga cikin masu gidaje aka ba matsuguni a Ilasan da Ikota, a gidajen da ba a ma gama ginawa ba, 'yan haya kuwa kowa ya kama gabansa.

Da a ce abin ya tsaya a zamanin soja, da sai mu ce halin mulkin soja ne. Amma a watan Oktoban 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar da cewa za a rushe duk matsugunan da ke bakin ruwa a jihar, yana mai cewa masu garkuwa da mutane suna fakewa a cikinsu. Daga Nuwamban wannan shekara zuwa Afrilun 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun da ke gefen Lekki, aka raba fiye da mutum 30,000 da muhallinsu kamar yadda ƙungiyar Amnesty International ta ƙiyasta, har mata da yara suka riƙa kwana cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa. A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa korar mutane ba tare da isasshen gargaɗi da tanadin wani matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umarci gwamnati ta zauna da su a kan batun sake tsugunar da su. Hukuncin ya zo bayan aikin gama ya gama, domin an riga an fara zuba yashi a wurin. A Janairun 2020 kuma sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai.

Ba na cewa dalilan gwamnati ƙarya ne gaba ɗaya. Akwai ɓata-gari a irin waɗannan unguwanni, kamar yadda suke a ko'ina, kuma gini a kan magudanar ruwa yana jawo wa kowa ambaliya. Sai dai idan mutum goma sun fasa bututu, aikin hukuma ne ta kama goman ta kai su gaban alƙali, ba ta ƙona ɗakunan mutum dubu ba. Game da ambaliya kuma, ruwan da ya shanye Lekki da Victoria Island a watan Yulin 2017 ya zo ne bayan an tashi Otodo Gbame, kuma masana sun sha faɗa cewa cike fadamu da ake yi domin gina rukunin gidajen masu hali yana cikin abin da ke hana ruwan sama samun wurin tafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun diyya, kuma nan ne abin ya fi shafar mutanenmu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma idan ya karɓe fili domin amfanin jama'a, abin da ake biya shi ne kuɗin ginin da ke kai, ga wanda ke da shaidar mallaka. Ɗan haya ba ya cikin lissafi, balle wanda ya kafa rumfa da izinin baki daga mai unguwa, yana biyan kuɗin wata ba tare da an taɓa ba shi rasit ba. Yawancin 'yan Arewa da ke Legas a wannan rukuni suke: 'yan ga-ruwa, 'yan dako, masu gyaran takalmi, masu sayar da rake da lemo, da masu tsire. Lokacin da aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita 700 ya ci wurin shaƙatawa na Landmark a ƙarshen Afrilun 2024, duk ƙasar nan ta ji, gidajen talabijin suka yi ta tattaunawa, kuma cikin 'yan kwanaki Ministan Ayyuka David Umahi ya sanar da fara biyan diyya ga waɗanda aka taɓa wa kadarori. Ban ƙi a biya su ba, haƙƙinsu ne. Amma mai tsiren da ke bakin ƙofa da yaran da ke masa yanka, babu takardar da sunansu zai hau. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Kada wani ya ce ƙirga 'yan haya abu ne da ba ya yiwuwa, domin an taɓa yi a Legas ɗin nan. Bayan rusau ɗin Badia ta Gabas a watan Fabrairun 2013, saboda unguwar tana cikin yankin wani shiri da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsa, matsin lamba ya sa gwamnatin jiha ta tattara sunaye ta biya masu gidaje da 'yan haya. Abin da ɗan haya ya samu bai kai naira dubu ɗari ba, kuma an biya ne bayan mutane sun daɗe suna kwana a fili, amma dai ya nuna cewa hukuma ta san yadda ake yi idan akwai mai sa mata ido.

Abin mamaki kuma, yayin da ake kashe maƙudan kuɗi ana ƙwato ƙasa daga teku, tsohon tsakiyar gari cike yake da gine-ginen gwamnati da aka bari suna lalacewa tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991. Ga benen Independence House mai hawa fiye da 20 a kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai a 1960, yana tsaye tagoginsa a farfashe. Ga tsohuwar sakatariyar tarayya a Ikoyi, wadda aka ba wani kamfani domin ya mayar da ita gidajen zama, taƙaddama tsakanin kamfanin da gwamnatin jiha ta tsayar da aikin shekara da shekaru. A unguwannin da ke bayan Marina da Broad Street kuwa, 'yan kwangila na karɓar tsofaffin gidajen gado su ɗora hawa a kan hawa ba tare da ingantaccen tushe ba, irin abin da ya jawo rushewar bene a Ita Faji a watan Maris na 2019, inda ɗaliban makarantar firamare da ke saman benen suna cikin waɗanda suka rasu. A 2016 ma an wayi gari an baje Ilojo Bar, ginin tarihi da ke dandalin Tinubu wanda gwamnati da kanta ta ayyana a matsayin abin adanawa tun 1956.

Inda aka yi abin kirki dole a yaba. Jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumban 2023, da na Red Line da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo, su ne ayyukan da talaka ya shiga ya ji a jikinsa cewa da shi aka yi. Haka nan mayar da tsohon gidan yarin Broad Street wurin shaƙatawa na Freedom Park a 2010 ya nuna ana iya gyara tsohon wuri ba tare da korar kowa ba. Kasuwanni ne dai har yanzu ba a gano kansu ba. Kasuwar Tejuosho da ta ƙone a 2007 an sake buɗe ta a 2014 da kyakkyawan gini, amma kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga cikin waɗanda gobarar ta shafa, suka koma baza kaya a bakin titi da gefen layin dogo a Yaba, inda jami'an tsabtace gari ke farautarsu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Legas da ta mayar da hukuncin kotu na 2017 ƙa'idar aiki: a ƙirga mutane gida-gida, har da 'yan haya da masu rumfuna, a nuna musu inda za su koma, sannan a kawo katafila. Duk kamfanin da aka ba izinin cike ruwa ya yanka filaye ya sayar, a shar'anta masa gina gidajen haya masu sauƙin kuɗi a kusa, gwamnatin tarayya kuma ta saki gine-ginenta da ke zaune haka nan domin a yi irin wannan amfani da su.

Kira na biyu ga shugabanninmu ne. Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Ikko, tun zamanin Gwamna Glover a shekarun 1860 ake da sojojin Hausawa a garin, kuma cinikin goro ya daɗe da kafa zango a Agege. Amma har yau idan aka manna takardar wa'adi a kasuwa, kamar yadda aka yi wa Alaba Rago a watan Mayun 2022, sai a ga an fara kai gwauro ana kai mari ana neman wanda zai je roƙo. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su buɗe rajistar mutanensu tun kafin rana ta ɓaci, da suna da sana'a da shekarar da mutum ya kama wuri, su kuma dage a riƙa karɓar rasit a kan duk kuɗin haya da harajin da ake biya, domin da irin waɗannan takardu lauya ke tsayawa a kotu. Jihohin Arewa da dama suna da ofisoshin wakilci a Legas, kuma ɗaukar lauya guda da zai riƙa bin irin waɗannan shari'u bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Agege, Jihar Legas.