Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine Kan Albashin Manyan Daraktocin Kamfanonin Gwamnati

Mai girma Firaminista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da ɗawainiyar jama'a. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Ranka ya daɗe, a watan Maris na 2025 gwamnatinku ta umarci shugabannin kamfanonin man fetur uku 'yan ƙasar Sin, na CNPC da matatar SORAZ da WAPCO mai kula da bututun ɗanyen mai, da su tattara nasu ya nasu su bar Nijar. Cikin manyan dalilan da hukuma ta bayar har da bambancin albashi: baƙo da ɗan ƙasa suna aiki iri ɗaya, amma abin da ke shiga aljihun baƙon ya ninka na ɗan gida sau da yawa. A nan Maradi an yi ta sa muku albarka, daga fadar samari masu shayi har rumfunan babbar kasuwa. Ni ma ina cikin masu yabawa.

Da wannan mataki gwamnati ta faɗa da bakinta cewa tazarar albashi magana ce ta adalci, kuma hukuma na da hurumin sa baki a cikinta. To, ranka ya daɗe, tazarar da ke tsakanin babban daraktan kamfanin gwamnati da maigadin da ke buɗe masa ƙofa fa? Dukansu 'yan Nijar ne, kuma daga aljihun talaka ake biyansu. Ina nufin masu riƙe da SONIDEP na man fetur da NIGELEC na wutar lantarki da SOPAMIN na ma'adinai da SONICHAR na haƙar kwal da Niger Telecoms da OPVN na rumbunan hatsi da CAIMA na taki da asusun fansho na CNSS, da shugabannin majalisun gudanarwarsu, da sauran manyan da ake naɗawa a taron majalisar ministoci mu ji sunayensu a labarun dare.

Mu fara daga ƙasa, inda lissafin yake a fili. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya daɗe a kan sefa 30,047, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa sefa 42,000. An gode, jika 42 ta fi jika 30. Amma a shekara guda cur, abin da mai wannan albashi zai karɓa sefa 504,000 ne. Ke nan duk miliyan ɗaya da aka zuba wa wani babba a wata, ladan gumin ƙaramin ma'aikaci ne na kusan wata 24. Daga jika 42 ɗin nan zai biya hayar ɗaki a Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya auno hatsi tiya-tiya, ya biya ruwa da kuran, ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro idan Agusta ta shigo. Shi ma a wurin mutane da yawa mai sa'a ne, don akasarin mutanen jihar nan ba su da albashi ko kaɗan. Manomin Gidan Rumji da ɓarayin daji suka hana shi noma gonarsa ta nesa, ɗan kabu-kabu, matar da ke soya ƙuli-ƙuli, babu wanda ke jiran ƙarshen wata a cikinsu. Amma kowannensu na biyan kuɗin mai, yana sa kati a waya, kuma ta nan kuɗinsa ke isa asusun kamfanonin nan.

Na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗi kafin in yi ritaya, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abu guda: idan ana son ɓoye girman abin da babba ke ci, ba a taɓa albashinsa na tushe. Shi wannan ana iya nuna wa kowa ba kunya. Naman yana cikin alawus. Akwai gida ko kuɗin gida. Akwai ruwa da wuta da waya da ofis ke biya. Akwai motar aiki, wani lokaci da ta gida mai kai yara lakwal da uwargida biki, da direba, da takardun shan mai da ba sa ƙarewa. Akwai kuɗin misiyon, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙa ƙirƙiro tafiya: taron da waya za ta iya gamawa sai an ɗauki jirgi, bitar da za a iya yi a zauren ofis sai an kai ta otal a wani gari don a samu kuɗin kwana. Akwai kuɗin zama da ake ba 'yan majalisar gudanarwa duk lokacin da suka hallara, su da aikinsu shi ne su sa wa darakta ido, alhali sau da yawa a gabansu ake kawo maganar alawus ɗinsa, shi kuma ofishinsa ke shirya nasu. Wa zai tsuke wa wani baki a irin wannan zama? Idan aka tara waɗannan duka, sai albashin da ke rubuce a takarda ya koma ɗan ƙaramin kaso na abin da mutum ɗaya ke ci wa ƙasa.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne tsarin biya. Malaman makaranta 'yan kwantiragi sun shafe shekaru suna kukan jinkirin ɗan abin da ake ba su, ƙungiyoyi irin su SYNACEB sun sha shiga yajin aiki a kansa tun gwamnatocin baya. Malamin da aka tura wani ƙauye a Dakoro ko Mayahi yakan ci bashin mai kanti har ya fara canza hanya idan zai wuce. Ban taɓa jin an ce manyan daraktoci sun yi zaman dirshan don wata ya ƙare ba a biya su ba. Idan baitulmali ya yi ƙunci, na ƙasa ake ce wa ya yi haƙuri.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce ƙwararre tsada gare shi. Injiniyan da zai iya tafiyar da matatar mai ko tashar wutar lantarki, ko masanin da zai zauna da kamfanonin waje a kan farashin uraniyom, idan ba a biya shi da kyau ba, Abijan ko Dakar ko Dubai za su ɗauke shi. Kai kanka, ranka ya daɗe, ka wakilci Bankin Raya Afirka a Cadi da wasu ƙasashe, ka san abin da ake ba irin waɗannan mutane a waje. Yanzu da aka mayar da kamfanin haƙar uraniyom na SOMAIR hannun ƙasa a 2025, aka kuma karɓi harkar ruwan sha daga hannun kamfanin Faransa aka ba NDE, buƙatarmu ga ƙwararru ta ƙaru. Na yarda a biya mai ilimi. Ba na cikin masu son ganin darakta a kan keke don a ce ana kishin ƙasa.

Sai dai wannan hujja tana tsayawa ne idan ƙwarewa ce ta kai mutum kujerar. Mun ga zamanin da ake raba shugabancin kamfanonin gwamnati tsakanin jam'iyyun ƙawance bayan kowane zaɓe, kowace da nata kaso. Wanda aka ba kujera don ya yi wa jam'iyya hidima, wane kamfanin waje ne ke zawarcinsa har za a ce sai an tsare shi da miliyoyi? Jam'iyyun an rusa su yanzu, amma al'adar naɗi ba tare da gasa ba ita ba a rusa ta da takarda ɗaya. Idan ana son biyan farashin kasuwa, to a bi hanyar kasuwa: a yi shelar kujerar, masu takardu su nema, a tantance a fili.

Akwai kuma masu cewa babban albashi na hana sata. Da haka ne, da ba a kafa COLDEFF a 2023 don ƙwato dukiyar ƙasa ba. Ba mu ji an ce 'yan kwantiragi da masu share ofis ne suka cika ƙofarta ba.

Mu mutanen Maradi 'yan kasuwa ne, kuma ko yaro a garin nan ya san yadda alhaji ke yi da wanda ya damƙa wa shago ko tirela. Idan kaya sun fita, riba ta shigo, yaron shago zai ga alheri, wata rana ma a sallame shi da jari. Idan shekara ta juyo babu uwa babu riba, ba wanda zai ƙara masa ko dala, makullin ma za a karɓe. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne a ga kamfanin da jama'a ke kuka da aikinsa, amma abin da shugabansa ke ɗauka bai ragu da ko tamma ba. Ba na ɗora wa daraktoci laifin komai. Lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, layin Katsina zuwa Gazawa wanda Maradi da Damagaram suka dogara da shi ba a hannun wani darakta yake ba. Ƙarancin man da ya sa motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai a Maris na 2025 shi ma dalilansa da yawa, har da tsadar man Najeriya bayan cire tallafi, wadda ta rage na bumburutu da yankinmu ya saba da shi. Amma akwai abin da ke hannun shugaban kamfani: tanadi kafin matsala ta zo, gyaran injuna a kan lokaci, isar taki ga manomi kafin shuka ta wuce, buɗe rumbunan hatsi mai rahusa kafin farashi ya gagari talaka. A kan irin waɗannan ya kamata a auna shi, a rubuce, tun ranar da ya karɓi aiki. A raba abin da zai samu gida biyu: kaso ɗaya tabbatacce, ɗayan sai an ga aiki a ƙasa.

Wasu ƙasashe sun gwada sa iyaka. A 2012 Faransa, wadda ba ma ɗaukar darasi a wurinta a kwanakin nan, ta ƙayyade cewa shugaban kamfanin gwamnati ba zai wuce yuro 450,000 a shekara ba, wato kimanin ninki 20 na matsakaicin ƙananan albashi a kamfanonin. Kenya ta sa hukuma ta musamman a kundin tsarin mulkinta na 2010 don tsara albashin manyan jami'ai, don kada mai cin tuwon ya zama shi ke riƙe da mara. Kusa da mu, Thomas Sankara ya sayar da marsandin gwamnati ya sa ministoci a ƙaramar Renault 5, kuma har gobe samarin ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, na ɗaga hotonsa. Adadin kuɗin Faransa ba namu ba ne, amma dabarar ɗaure na sama da na ƙasa ta dace da mu. Ninki 20 na jika 42 sefa 840,000 ke nan. Idan an ga hakan ba zai riƙe ƙwararre ba, a ce ninki 30, a ce 40, wanda ya kama sefa 1,680,000. Ni ba zan yi gardamar lambar ba, muddin an faɗe ta a fili, kuma alawus da gida da mota duk suna cikin lissafin. Amfanin wannan ɗauri shi ne, ranar da babba ya ji albashinsa ya yi masa kaɗan, dole ya fara yi wa maigadi faɗan ƙari.

Ranka ya daɗe, tun Oktoban 2023 da aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wato FSSP, jama'a ke ba da nasu. 'Yan kasuwa sun kai, mata sun kai, ana cire dala biyu-biyu a harkar waya da tikitin mota, kuma an sha karanto sunayen masu gudummawa da abin da suka bayar a talabijin. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin garin Maradi, mutane suka kwana a azuzuwan makarantu, duk da haka ba su fasa cewa a yi haƙuri ƙasa na cikin yaƙi ba. Gwamnati ma ta sassauta: litar fetur ta sauko zuwa sefa 499, an rage kuɗin asibiti da rabi, an rage farashin siminti. Ba mu manta ba. Amma mutumin da aka bayyana wa duniya jikar da ya bayar yana da haƙƙin a bayyana masa miliyan ɗin da ake ɗauka. Kundin tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu. An jingine kundin, sai dai babu abin da ya hana a raya wannan ƙa'ida da doka, a kuma faɗaɗa ta ta haɗa da daraktoci, ranar shiga da ranar fita.

Roƙona shi ne ka ba da umarni a buga cikakken abin da kowane babban darakta da kowane shugaban majalisar gudanarwa ke samu a shekara, albashi da alawus da kuɗin tafiya, kamfani bayan kamfani, a jaridar Le Sahel. Tunda dokar sabunta ƙasa ta Maris 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, a karanta shi a gidan rediyon Muryar Sahel da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, don mai biyan kuɗin ya ji da kunnensa. Daga nan a kai maganar iyakar ninki gaban majalisar tuntuɓa ta sabunta ƙasa, a gayyaci ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN su faɗi nasu. Kai ka riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin marigayi Tandja Mamadu, ba sai an nuna maka inda takardun suke ba. Idan ba za a iya yi wa duka kamfanonin a lokaci guda ba, a fara da SONIDEP da NIGELEC, tunda su ne hannunsu ke cikin aljihun kowane gida, kuma a yi shi kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Allah Ya taimake ka, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Wani tsohon ma'aikacin lissafin kuɗi,
Unguwar Zariya, Maradi