Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Abin Da Aka Yi Wa Kusurwar Yara A Tafkinmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki, uban ƙasa,
Ta hannun masu unguwanninmu da Sarkin Ruwa,
Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da mubaya'a, muna fatan Mai Martaba yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da dukan ƴan majalisa. Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka haƙuri da jama'a, shi kare ka daga sharrin na kusa da na nesa. Mu da muka sa hannu a ƙasa talakawanka ne: iyayen yara, malaman lakwal da na allo, masunta, da matasan da ke shirya gasar kamun kifi ta yara a tafkin bayan unguwanninmu. Ba mu saba rubuta wa fada takarda ba. Abin da muka gada shi ne mu tuɓe takalmi, mu faɗi gaisuwa, mu gaya wa wanda zai isar. Mun yi haka har mun daina lissafi, shi ya sa wannan karon muka ce a sa a takarda, kada maganar ta sake ɓacewa tsakanin zaure da zaure.

Ranka shi daɗe, daren Juma'ar da ta wuce, wayewar Asabar ɗin da aka sa don gasar, wasu mutane suka zo da mota da taru suka share kusurwar da kai da bakinka ka ce a bar wa yara. Matan gidajen bakin tafki sun ji ƙarar mota bayan an kwanta, suka ɗauka masu ɗibar yashi ne. Tun daga gindin gawo har ƙarshen kusurwa aka ja tarun, kuma gidan sauro aka ɗinka a cikinsa, wato ko ɗan kifin da bai kai farcen yatsa ba bai tsira ba. Manyan suka loda a mota. Ƙananan da ba su da kasuwa, ko su mai da su ruwa ba su yi ba, a bakin gaɓa suka juye su suka tafi.

Da hantsi yara suka fara isowa cikin wannan ɗarin, kowa da sandar fatsarsa da gwangwanin tana da ya kwana biyu yana tono, wasu har da kayan Salla. Abin da suka iske tarin ƴaƴan karfasa ne da na tarwaɗa sun fara bushewa, ƙuda ya rufe, kaji na tsattsaga, shirwa na kai sura. Wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba ya tuɓe hularsa yana kwasar waɗanda yake ganin suna da sauran motsi yana kai wa ruwa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, babu babban da ya iya ce masa ya bari. Uwayen da suka zo da kasko da mai da yaji don su soya wa yara abin da suka kama, suka tsaya da kayansu a ka.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da mun haɗiye kamar yadda muka saba. Sai ga wani mutum ya ɗaure igiya a mashigar tafki ya ce shi ya sayi ruwan bana, duk yaron da zai jefa fatsa sai ya ba da dala ɗari. Dala ɗari, ranka shi daɗe, a ruwan da aka riga aka share, daga hannun yaran da yawancinsu ko kuɗin ƙosai ba a ba su ba da safe. Da ɗaya daga cikin dattawanmu ya tuna masa cewa Sarki ya sa hani a wurin, sai ya amsa cewa an riga an sallami waɗanda za a sallama. Haka ya faɗa, haka muka rubuta, ba mu ƙara ko harafi ba. Mu ba mu ce kowa ya karɓi komai ba, Allah shi tsare bakinmu daga zargin manya. Sai dai a gaban yara ya faɗa, yara kuma sun koma gida da maganar, yau ana maimaita ta a bakin rijiya da rumfar mai shayi. Ba don dattawa sun shiga tsakani sun janye samari ba, da labarin da ya iso fada ran nan wani ne daban.

Muna neman izinin Mai Martaba mu tuna dalilin da ya sa aka fara wannan gasa, don wasu na yaɗa cewa wasa ne na marasa aikin yi, wasu kuma na cewa muna cin kuɗi da ita. Yaro da ruwa ba a raba su. Ko an hana, zai faki ido ya tafi, ya shiga tsundum, ya dawo da tsargiya yana fitsarin jini, uwa ta rasa ta yi. Mun kuma yi rashi a ramukan da masu yin tubali suka haƙa a gefen tafki, waɗanda in ruwa ya rufe su babu mai gane inda suke. Bayan wannan rashin ne masunta da malamai suka zauna suka ce gara a koya wa yara kamu daga bakin gaɓa, a gaban idon manya, da ƙa'ida. Ba a shiga ruwa ya wuce idon sawu. Ƙugiya ɗaya ga kowane yaro. Kifin da bai kai tafin hannu ba, a zare ƙugiya a hankali a mai da shi. Ba a biyan ko dala, kuma ɗan kowa na iya zuwa, ɗan Bahaushe da ɗan Buzu da ɗan Bafillace da almajirin da ba a san garinsu ba.

Babu mai ɗaukar albashi a cikinmu. Ƴaƴanmu da ke bida a Abijan da Libiya su ke aiko da ɗan abin da ake sayen littattafai da alƙaluma da sabulu na kyauta. Wani mahauci ke ara mana sikeli. Wata ma'aikaciyar jinya ke ba da ranar hutunta ta zauna da audugarta saboda ƙugiya ko ƙayar tarwaɗa. Tsofaffin masunta ke zagayawa suna nuna yadda ake ɗaura ƙugiya da yadda ake riƙe ƙurungu bai soki mutum ba. Bara ma wata yarinya ce ta kama mafi nauyi, maza suka yi ta ƙorafi har yau, ubanta kuwa bai bar kowa ya huta ba a majalisa. Wannan ita ce dukan ribar da muke ci.

Kifin da aka kwashe kuma ba daga sama ya faɗo ba. Tafkinmu na janyewa ƙwarai da bazara, abin da ke saura sai gaiwa da ke binne kanta cikin laka da ƴar tarwaɗar da ta jure. Don haka da ruwa ya cika a watan Agusta muka yi karo-karo, mai jika guda, mai dala hamsin, muka aika Tabalak wajen masuntan can aka sayo iri. A tano aka ɗauko su bayan mota, tafiyar kusan kilomita 50, ana tsayawa ana sauya ruwa, duk da haka wasu suka mutu a hanya. Waɗanda suka iso muka sake su a kusurwar, muka yi wata huɗu muna gadi bi da bi. Ran nan kaɗai aka sassauta, don masu gadin na can suna jera tabarmi da kafa rumfa. Wanda ya zaɓi wannan dare ya san da haka, ranka shi daɗe. Baƙo ba zai sani ba.

Sarkin Ruwa zai iya shaida wa Mai Martaba cewa karfasa a baki take goyon ƙwanta da ƴaƴanta, in aka kama uwa ɗaya a wannan hali an kashe ɗaruruwa. Gidan sauron nan kuwa kyauta aka raba shi don masu ciki da jarirai su tsira daga zazzaɓi, ga shi da maganin da kifi ba ya jure masa. An hana jariri kariya, an kuma zuba wa ruwa guba, duk a jan taru ɗaya.

Ba Argungu muke son mu zama ba. Amma ko can, abin da ya riƙe bikinsu tun 1934 shi ne in an rufe ruwan Matan Fada babu mai taɓa shi sai ranar da aka buɗe, don maganar Sarki da ta Sarkin Ruwa tana da nauyi. Mu ma nan Tawa mun san yadda abin da jama'a suka riƙa yake girma, tunda a garin nan aka fara kokowar ƙasa a 1975. Kusurwa ɗaya muka roƙa, rana ɗaya a shekara, aka ba mu a gaban shaidu. Yanzu yara na tambayarmu ko hanin Sarki ma ana sayensa, mu kuma sai sunkuyar da kai.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun je wajen masu unguwa kan sharar da ake zubarwa a bakin ruwa, leda ta cika wurin har awaki na ci suna mutuwa. Mun je kan masu wankin babur da ke sakin baƙin mai cikin tafki, mun je kan ramukan tubali, mun je kan tarun dare tun shekarar da ta gabata da wadda ta gabace ta. Mun kai takarda ofishin da abin ya shafa, aka ce mu dawo gobe, muka dawo aka ce maigidan ya yi tafiya, daga baya aka ce takardar ba ta iso ba, muka sake wata. An taɓa turo wasu suka zagaya suka ɗauki hoto, muka ba su ruwa suka sha, ba mu sake ganinsu ba. Wane zuwa ne ya riga wane, mu kanmu mun rikice. Masu lambun albasa da ke jan ruwa da inji ba mu da rigima da su, mun zauna da su sun matsar da bututunsu, Allah shi saka musu. Da kowa zai yi kamar su da ba mu dami fada ba.

Saboda haka muna durƙusawa gaban Mai Martaba da roƙo. A kira mutumin da ya ɗaure igiya, fuskarsa ba ɓoyayya ba ce, a tambaye shi wa ya sayar masa da ruwan, da nawa, a gaban wa. In akwai takarda ya fito da ita. In babu, ya faɗi sunan waɗanda ya ce an sallama, ko ya janye maganarsa a bainar jama'a kamar yadda ya faɗe ta. A nemo masu motar su biya kuɗin irin da suka kashe, a sake sayowa daga Tabalak, kuma su za su ɗauko da motar tasu. Muna roƙon a sa mai shela ya zagaya kasuwa ran Lahadi, limamai kuma su faɗa ran Juma'a, cewa kusurwar nan ta yara ce, an hana jan taru cikinta dare da rana, an hana kamun kifi da gidan sauro a tafkin baki ɗaya. Muna roƙon a kafa turaku a iyakar wurin, a ba mu hanin a rubuce da hatimin fada, don gobe in wani ya zo da igiya mu sami abin nuna masa. A ƙarfafa wa Sarkin Ruwa, dattijo ne, shi kaɗai ba zai iya da mutanen da ke zuwa da mota ba. Ramukan tubali a sa masu su su cike, ko aƙalla a kewaye da ƙaya. Shara a nuna wa mutane wani wurin. Kuma, ranka shi daɗe, a yi mana gafara mu maimaita: a gaya mana wa ya sayar da ruwan.

Muna kuma roƙon Mai Martaba ya sa mana wata rana da bakinsa, ko da abin da yara za su kama bai taka kara ya karya ba, ya turo wakili ya zauna a rumfa. In Allah ya ba Sarki iko ya taka da kansa, ko na ɗan lokaci ne, babu wanda zai sake kusantar wurin da taru. Ruwa na ja da baya kullum, in aka shiga watan Maris kusurwar laka ce. Littattafai da sabulun kyauta na nan ɗaure a kwali a zauren liman, fatsun yara ma can muka tara su, mun ce musu su jira abin da Sarki zai ce.

In akwai kalmar da ta yi kaushi a wannan takarda, a yafe mana, zafin rai ne na iyaye. Allah shi ba ka nasara, shi ja kwananka, shi ɗora ka kan maƙiyanka.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyayen yara maza da mata na unguwannin bakin tafki,
Malaman lakwal da na allo,
Masunta da matasa masu aikin sa kai.
Waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa a bayan takarda.