Zuwa ga 'yata, kan maganar ajiye karatu

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mamanki ta faɗa min cewa tunda sakamakon jarrabawa ya fito ba ki da walwala, har wasu sun fara ba ki shawarar ki tattara ki dawo gida. Kafin ki yanke hukunci, ki saurari labarin wata yarinya.

Sunanta Gertrude Ederle, 'yar wani mahauci ce a birnin New York na Amurka. A 1925 ta shiga tekun da ya raba Faransa da Ingila da niyyar ƙetare shi da iyo. Dokar abin ita ce, jirgin rakiya zai bi ki, za a miƙo miki abinci, amma da zarar wani ya taɓa jikinki, shi ke nan, an soke. Bayan sa'o'i tana iyo, mai horar da ita ya ɗauka nutsewa take yi, ya sa aka kamo ta. Ita kuwa ta dage cewa hutawa kawai take yi.

Ba ta tsaya jayayya ba, sai ta sauya mai horarwa. Ta ɗauki Bill Burgess, mutumin da shi kansa ya sha faɗuwa kafin ya ƙetare a 1911. Ranar 6 ga Agusta 1926, tana 'yar shekara 20, aka shafe jikinta da maiƙo saboda sanyi, aka liƙe gefen tabaranta da kaki don kada ruwan gishiri ya shiga. Faɗin wurin kimanin mil 21 ne, amma igiyar ruwa ta yi ta janta gefe har ta yi kusan mil 35. Ta taka ƙasa a Kingsdown, a gaɓar Ingila, bayan sa'a 14 da 'yan mintoci sama da talatin. Maza biyar ne kacal suka riga ta, kuma ta fi mafi saurin cikinsu sauri da kusan sa'a biyu.

Masu ce miki ki dawo ba maƙiyanki ba ne, tausayi ne, irin na wancan mai horarwa. Sai dai daga cikin jirgi suke hangen ki. Ke ce a ruwa, ke kaɗai kika san ko gajiya ce ko nutsewa. In nutsewa ce, ki kira ni, gobe zan taho in ɗauke ki, babu wanda zai yi miki gori. In gajiya ce, ki nemi malamin da ya taɓa faɗuwa jarrabawa ya nuna miki inda kika yi kuskure.

Kuɗin sake rajista na ware. Ki sanar da ni kafin Juma'a. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki