Sanarwa ga Ƴan Rukuni Masu Neman Ɗan Kwikwiyo

Assalamu alaikum. Tunda kaka ta gabato, kuma da yawanmu na neman karen gadin rumbu da garke, ina roƙon ƴan uwa kada kowa ya sayi ɗan kwikwiyon da aka kawo kasuwa cikin kwali ba tare da ya san gidan da ya fito ba.

Ku je gidan mai kiwon da kanku, ku ga uwar da idonku. Idan karyar ta rame, kunnenta cike da kaska, ko kuma aka hana ku ganinta, to ku haƙura. Mai kiwo na ƙwarai ba ya raba ɗa da uwarsa kafin mako 8, kuma zai gaya muku ranar da ya ba shi maganin tsutsar ciki. Bara na yi gaggawa na karɓo wani ɗan mako huɗu, ko kwana goma bai yi ba gudawa mai jini ta kashe shi a gaban yarana.

Allurar rigakafin haukan kare kuwa ana fara ta ne da wata 3, don haka ku nemi katin allurar uwar, sannan ku kai ɗan wurin likitan dabbobi idan lokacin ya yi. Na gode.