A riƙa gwada sukarin yaron da ke amai da yawan fitsari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi magana kan ketoasidosis, matsalar da ke kashe yara masu ciwon sukari nau'i na 1. Yara da dama sai sun faɗa cikinta ake gane suna da ciwon.

Idan insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya amfani da sukari, sai ya koma ƙona kitse. Ƙonawar na haifar da sinadarin kiton, wanda ke sa jini ya yi tsami: wannan shi ne ketoasidosis. Tun kafin nan alamu sun bayyana: ƙishirwa, yawan fitsari, rama, da komawar fitsarin kwance ga yaron da ya daina. Daga baya sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da ƙamshin 'ya'yan itace a baki. Nan ake kuskure, a ɗauka ciwon huhu ne, alhali ɗigon jini daga yatsa zai raba gardama: idan awon sukarin jini ya nuna 11.1 mmol/L ko fiye, tare da alamun nan, ciwon sukari ne.

Iyaye, don Allah kada a daina allurar insulin wai don yaro bai ci abinci ba. Rashin lafiya sau da yawa ƙara buƙatarta yake. A yawaita gwada sukari. In ya haura 14, a duba kiton. In kiton na jini ya kai 3 mmol/L, ko amai ya ƙi tsayawa, a garzaya asibiti.

Abokan aikinmu ma'aikatan lafiya, a fara da ƙarin ruwa, insulin ya biyo bayan awa ɗaya, a lura da sinadarin fotasiyam na jini. Ciwon kai ko gyangyaɗi yayin magani na iya nuna kumburin ƙwaƙwalwa.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar yara