Na Fasa Kwaɗon Akwatinka

Jidda, daren Asabar

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da su Baba. Yaya sanyin Kano? Mu nan sai godiya. Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa alhali ko shekaranjiya mun gaisa a WhatsApp. Maganar ce ba ta saƙon murya ba, don na san halinka, kafin in kai aya ka katse ni, ko da dariya ko da faɗa.

Na fasa kwaɗon akwatinka. Ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Ka tuna 2017, lokacin da aka yi afuwa ga waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, aka ce su fita ba tara? Daren da za ka tafi ka shigo mini da shuɗin akwatin ƙarfen nan a ka, kana haki, ka ce in ajiye maka wata shida, da ka samu sabuwar biza za ka dawo. Yau shekara takwas. Ban taɓa yi maka gori ba, yanzu ma ba gori nake ba, don na gano ni ma wata shidan nan nake ta ƙirgawa tun 1994.

Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 rusau ya cinye Gulel da Bitrumin da Sabil da Karantinarmu, unguwanni sama da 60 a faɗin Jidda. Ka ga bidiyon, amma gani a waya daban. Da safe muka tashi muka tarar an yi rubutu da jan fenti a bango, ba a jima ba aka yanke wuta. Diyya ta masu gida ce 'yan ƙasa, mu 'yan haya namu tattara komatsai. Sawu uku dabbab, 'yar motar ɗaukar kayan nan, ya yi mana, kuma akwatinka na cikin sawun farko, Allah ne shaida. Shaƙƙar, wato gidan hayar, da muka samu can kudancin gari ɗaki biyu ce, kuɗinta ya kusa ninka na da, ga riyal 400 da ake biya duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyali. Babu wurin kwalaye. Na roƙi mai gadi ya bar ni na jibge su a ƙarƙashin bene. Sai ga ruwan nan na Nuwamban 2022 da ya mayar da titunan Jidda kogi, ya shigo har wurin. Na ga shatar laka a jikin kwalayen, na kawar da kai. Shekara biyu da ɗoriya ina wuce su safe da yamma kamar mai bin bashina.

Makon jiya mai gidan ya ce a kwashe, zai sa tankin ruwa a wurin. Na fara yi wa uwar yara karatun da na saba, wai ajiya maganin wata rana. Ta ce, “Malam, wata ranar ta zo ta wuce tun muna Karantina.” Ban ba ta amsa ba, na nemo wuƙa na fara yanka igiya.

Ita ba ta sha wahala ba. Kwallaye da fantekokin jerenta da ta taho da su daga Kano, ta zaɓi huɗu, sauran ta ce a kai kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh. Kuɗin da aka taya su ko faɗa ba zan yi ba, kunya nake ji. Ta karɓa ta sayo tukunyar shinkafa mai aiki da lantarki, ko waiwaye ba ta yi ba. Mata sun fi mu ƙarfin zuciya a wannan fanni, duk da mu ne muke cewa su ne masu tara shirgi.

Nawa kwalayen su suka kayar da ni. Kwali uku kaset-kaset ne, sun haura 200. Na waƙa da na wa'azi duk sun yi fumfuna, zaren ya manne, wasu kyankyasai sun yi gida a ciki. Waɗannan ban yi jayayya ba. Amma a ƙasan kwali na uku akwai wata jakar leda da na ɗaure da kaina, na manta. Saƙonnin Inna ne. Ka san kafin salula ta shigo Najeriya a 2001 yadda muke yi: ta sa ƙanena ya danna mata rakoda, ta yi magana, a ba alhazan unguwa su kawo, ni ma in cika nawa in mayar. Kai ma ka taɓa kawo mini ɗaya a aljihun jallabiyya.

Na aro rakoda wurin wani tsoho ɗan Zinder da har yanzu bai yarda da waya ba. Kaset na farko zaren ya zubo, na sa biro a ramin na naɗe shi a hankali, auta na tsaye a kaina yana kallo kamar ina tsafi. Na danna. Sai shuuu, sai zakara ya yi cara, can nesa ana daka. Sai na ji ta ce, “Ya kama? Kai, ya kama ko in dakata?” Mutumina, shekara 19 rabona da muryar nan. Ta gaishe ni, ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu gida-gida, ta ce akuyarta ta haifi biyu. Ta ce in aiko mata da man zafi na Abu Fas da ɗan dabino, kada in wahalar da kaina da wani abu mai tsada. Sai ta yi tari, ta ce, “To yaushe za ka zo?” Ba ta jira komai ba ta wuce zancen rufin soro da ke yoyo.

Na kashe na fita waje.

Da na dawo na buɗe kwalin da ke gefe, sai ga bargo mai laushi da darduma ja, suna cikin ledarsu ta kanti, da takardar kuɗi ta kasuwar Bab Sharif. Inna na saya wa, a 2005. Na ƙi ba alhazai don ina so in kai mata da hannuna in na zo. Ta rasu 2006. Da na duba sosai, rabin abin da ke ƙarƙashin benen nan tsaraba ce: agogunan bango biyu, turaruka da suka bushe a kwalba, yadin jallabiyya na su Kawu, har da 'yar kyamarar roba da yara ke leƙawa su ga hoton Ka'aba, wadda na saya wa ɗan yayata. Yaron yanzu 'ya'yansa uku. Ashe duk shekarun nan kayan tafiya gida nake haɗawa, tafiyar ce ba a yi ba. Bargon na ba matar mai gadi. Dardumar na shimfiɗa a ɗaki, a kanta nake salla yanzu. Kaset tara ne suka yi magana, auta ya kara wayarsa a bakin rakoda ya naɗe su duka, na tura wa 'yan'uwa. Duk da haka na kasa zubar da taran, suna cikin gwangwanin alawa a saman firji.

To, akwatinka. Ƙasansa ya ci tsatsa har yatsa na shiga, shi ya sa na fasa. Jallabiyoyinka biyar sun yi rawaya, biyu sun ruɓe, uku an wanke na saka a akwatin sadakar tufafi na bakin masallaci. Littattafan addu'a da suka jiƙe na kai inda ake tara tsofaffin takardu masu ayoyi, ban haɗa su da shara ba. Katunan waya da ka tara fal leda, ban san me ka yi niyyar yi da su ba, sun tafi. Kan keken ɗinkinka na kai kasuwar gwanjon, bayan ciniki kamar za a yi dambe aka ba ni riyal 120, suna nan na ajiye maka. In ka ce na yi araha, ka zo ka sayar da kanka.

Abin da na tsame maka: almakashinka babba, na goge shi da mai, har yanzu yana ci. Littafin awo, wanda sunayen rabin mutanen Karantina ke ciki da faɗin kafaɗarsu, na zauna na karanta shi kamar jarida, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Tsohuwar iƙamarka ta littafi, mai hotonka da gashi cunkus. Sai farin yadin nan da ka wanke da zamzam ka naɗe a leda biyu. Ruwa bai taɓa shi ba ko ɗigo. Na san abin da ka tanade shi domin shi, Allah ya sa a daɗe ba a buɗe ba. Duka ba su kai kilo uku ba, zan ba wani ɗan Fagge da zai zo Umara da azumi, kuɗin ma ta hannunsa.

Amana ka ba ni, na taɓa ta ba da izininka ba. Ka yafe ni.

Saura abu ɗaya. A cikin aljihun murfin akwatin akwai kaset guda, TDK, an rubuta sunanka a jiki da rubutun da ba na namiji ba, an zana fure a gefe. Na saka, na ji sallama kawai na kashe, wallahi iyakarta ke nan. Amma na gane muryar, kuma ba ta uwargida ba ce. Tunda na san ita za ta fara kwance ƙullin in ya iso, ban saka shi a ciki ba. Yana saman firji tare da na Inna. Ka faɗa mini, in aiko ta wata hanyar, ko in naɗa maka a waya, ko in sa guduma.

Ka gaishe da su Baba da kyau, ka shafa mini kan yara.

Naka,
maƙwabcinka na Karantina