Zuwa ga abokan cinikinmu, kan batun harsashi mai yankakken kai

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Tun da muka sauke sabon harsashin .22 LR, wato ɗan ƙaramin harsashin nan na wasan harbi, kusan duk wanda ya shigo shago tambayarsa ɗaya: ina mai yankakken kai? Wasu ma sun juya hannu rabbana da suka tarar mai mulmulallen kai ne ya cika kanta. Abin ya dame mu, domin da hannunmu a ciki. Mun daɗe muna yabon mai yankakken kan nan ba tare da mun yi muku cikakken bayani ba.

Kamfanin Eley na Birmingham a Ingila ne ya yi fice da shi. Tun 1951 yake yin harsashin Tenex, daga baya ya mayar da kan harsashin a baje kamar an yanke, da ɗan tsiro a tsakiya, ya ce hakan na ƙara masa natsuwa a iska. Harsashi ne mai kyau, ba ma musu. Amma Lapua na Finland da RWS na Jamus har yau mulmulallen kai suke yi, kuma manyan maharba na cin gasar duniya da shi a tazarar mita 50, inda da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 kacal.

Harsashin gasa ɗan dalma ne mai nauyin kusan giram 2.6. Yana barin bakin bindiga da gudun mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, wato ƙasa da saurin sauti, yana katantanwa kusan sau 800 a kowace daƙiƙa. A wannan gudu da wannan tazara, siffar kai ba ta da wani babban tasiri. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke watsa harbi shi ne nauyi ya karkata gefe guda. Ku tuna katantanwar yara: in gefenta ɗaya ya fi nauyi, sai ta yi ta tangaɗi komai kyan tsininta. Shi ya sa ba ma ba ku shawarar mai rami a ka, wanda don farauta aka yi shi. In ramin ya kauce wa tsakiya ko da kaɗan ne, nauyi ya karkace. Ga shi kuma yawancinsa mai tsananin gudu ne, iska ta fi kaɗa shi, ko da yake mutane da dama akasin haka suke zato.

Gindin harsashi ma ya fi kansa muhimmanci. Wani likita a Amurka, Franklin Mann, ya nuna haka tun 1909, da ya riƙa lalata kan harsashi da gindinsa da gangan yana harbawa. Lahanin gindi ne ya fi kautar da shi, domin nan hayaƙin albarushi ke yi masa turin ƙarshe.

Mai yankakken kai yana huda takarda tsaf, ƙidayar maki ta zo da sauƙi. Sai dai a ƙaramar bindiga mai ɗura kanta yakan sarƙe wajen shiga, kuma Eley da kansu mulmulallen kai suka yi wa Tenex Pistol, harsashinsu na irin wannan bindiga.

Abin da muke so ku riƙa tambaya shi ne lambar rukuni da ke jikin kwali, wato lambar harsasan da aka ƙera a zubi ɗaya. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, amma rukunin da ya tara harbi wuri guda a bindigar Malam wane sai ya watse a taka. Wani ɓangare na dalilin yana cikin kwanson harsashin: sinadarin da ke tayar da wuta a leɓen gindinsa ake zuba shi, kuma ba kullum yake bazuwa daidai ba. Manyan kamfanonin nan har wuraren gwaji suke da su, inda ake ɗaure bindigar mutum a gwada mata rukuni bayan rukuni.

Mu ba mu da irin wannan wuri, amma daga yanzu za mu rubuta lambar kowane rukuni a kan kantar shago. Ku ɗauki kwali mai guda 50 daga rukuni uku ko huɗu, za mu ajiye muku katan na kowanne har mako biyu. Ku gwada a filin kulob da sassafe kafin iska ta tashi, bindiga a kan matokari, harbi goma-goma. In kun sauya kamfani, ku fara ɓarar da kamar goma, saboda man da ke jikin dalmar ya bambanta, sai cikin bututun ya saba da sabon.

Don Allah kada ku bar kwali a mota cikin zafin bazara, man yakan narke. Kada kuma ku juye harsashi a aljihu yana gugar juna. Kamar kullum, ku zo da lasisinku, ba ma sayarwa sai mun gan shi.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu shago da ma'aikata